Farin gizo-gizon da ke cikin furen kuɓewa: wane iri ne, kuma mace ce ko namiji?

Mai Lambu Lamingo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin ƙwari, ga hotuna biyu nan na ɗora. Wannan farin gizo-gizon a cikin furen kuɓewa yake zaune, a lambuna da ke gefen dam ɗin Lamingo. Ba ya saƙa, ko zare ɗaya babu a kusa da shi. Zama kawai yake yi ya buɗe ƙafafun gaba, in ka kai masa tsinke sai ya ja da gefe irin tafiyar ƙaguwa. A hoto na biyu ya kama ƙudan zuma wanda ya fi shi girma. Ku duba bayansa da kyau, akwai wani ɗan ƙarami ja-ja manne da shi. Yarana sun ce uwa ce ta goya ɗanta. Mene ne sunansa, kuma yana ɓata fure?

Ɗan Bukuru:
Wa alaikumus salam Baba. Na saka hoton farko a manhajar gane halittu da ke wayata, nan take ta ba ni suna, Misumena vatia. Na duba hotunansa a intanet, fari ne sol irin naka, kuma shi ma a kan fure yake farautar ƙudan zuma. Ina ganin an samu amsa.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Alhaji Mai Lambu, Allah ya sa wa lambu albarka, hotunan sun fito sosai. Ɗana na Bukuru, dakata tukuna.

Manhajar ta gane gidan, amma sunan da ta ba ka ba na ƙasar nan ba ne. Gidan shi ne Thomisidae, gizo-gizo masu tafiyar ƙaguwa, kuma nau'insu ya haura 2,000 a duniya. Alamarsu ba ta ɓuya: ƙafafu biyun gaba na kowane gefe sun fi na baya tsawo da kauri nesa ba kusa ba, a buɗe suke ajiye su, jikin a baje yake, kuma ba sa saƙa yanar kamun abinci. Zarensu na riƙe kai ne in za su sauko daga ganye, da na naɗe ƙwai. Shi kuwa Misumena vatia, wanda wani masani mai suna Clerck ya bayyana tun 1757, mazauninsa Turai ne da Arewacin Amurka da arewacin Asiya. Manhaja tana ba da sunan abin da ta fi ganin hotonsa, hotunan gizo-gizon Turai da Amurka kuwa sun cika intanet, namu na Filato 'yan kaɗan ne.

Ka buɗe hoton Alhaji ka ƙara masa girma. Dubi kai. Gefe da gefe akwai tsini biyu, idanun gefe a jikinsu suke. Sannan dubi ciki. Siriri ne ta gaba, ya buɗe ta baya, da kusurwa biyu a ƙugu. Cikin Misumena a mulmule yake, kuma kansa ba shi da wannan tsinin. Abin da ke hoton nan ɗan dangin Thomisus ne, kuma Afirka na da su da yawa.

Alhaji, ba ya cin fure ko ganye ko ɗan kuɓewa. Mafarauci ne, ƙwari kawai yake jira.

Ɗalibar Naraguta:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Baba Mai Lambu, a gaya wa yara wancan ƙaramin ba ɗanta ba ne, mijinta ne. Gizo-gizon da ke goyon 'ya'ya akwai shi, amma wani gida ne daban, Lycosidae, masu gudu a ƙasa, kuma su ba ɗa ɗaya suke goyo ba, sai ka ga bayan uwar ya rufe da 'ya'ya birjik. A dangin Thomisus mace takan kai kusan milimita 10, namiji kuwa 2 zuwa 4 ne, kuma launinsa ruwan ƙasa ne ko ja-ja, ba ya kama da ita ko kaɗan. Yakan hau bayanta ya zauna, wani lokaci tun kafin ta balaga, yana jiran ta yi saɓarta ta ƙarshe. Daga nan sai ya zagaya ƙarƙashin cikinta.

Mai Lambu Lamingo:
Ikon Allah. To 'yata, ta yaya kika san namiji ne ba ɗan wata ba ne da ya hau ta? Ƙanƙanta ai ba hujja ba ce, yaro ma ƙarami ne.

Ɗalibar Naraguta:
Gaskiyarka Baba, kuma nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Girma ba ya raba namiji da yaro. Abin da ake dubawa yana gefen baki.

Ban da ƙafafu takwas, kowane gizo-gizo yana da 'yan hannaye biyu gajeru a gaba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na mace da na ƙaramin yaro sirara ne har ƙarshe, sai ka ɗauka 'yan ƙafafu ne. Na namiji kuwa bakinsu a kumbure yake, kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe da kara. A hoto na biyu, ka duba gaban ƙaramin nan, za ka ga dunƙule biyu masu duhu. Da su yake barbara. Yakan saƙa ɗan ƙyallen zare, ya ɗiga maniyyinsa a kai, ya zuƙe shi cikin waɗannan hannayen, sannan ya fita neman mace. Shi ya sa balagaggen namiji ba ya cika zama wuri ɗaya, kuma bai damu da abinci sosai ba.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Madalla 'yata. Bari in ɗora a kai, don kumburi kaɗai bai isa a ce ya balaga ba.

Gizo-gizo ba ya girma sai da saɓa, fatarsa mai tauri ta kai da ƙafafu ba ta miƙewa. Namijin da ya rage masa saɓa ɗaya, hannayensa sun riga sun kumbura, amma kumburin sumul ne, launinsa a kwance, babu komai a jikinsa. Bayan saɓar ƙarshe sai ka ga wurin ya yi duhu, ya yi tauri, ga lanƙwasa, ga ƙugiya, ga wani siririn tsinke da ke shigar da maniyyi. Har gaɓar da ke bayan dunƙulen takan fitar da ƙayoyi masu siffa ta musamman. To wannan shi ne balagagge.

Ita mace, sai an juya ta. A ƙarƙashin ciki, can kusa da inda ya haɗu da ƙirji, akwai tabo biyu masu haske, murfin huhu ke nan, da wata tsaga a gicciye a bayansu. Tsakanin tabon biyu, gaban tsagar, balagaggiyar mace tana da ɗan tambari mai tauri mai duhu, masana suna kiransa efijin. Nan hannun namiji yake shiga. In wurin a shafe yake babu komai, ba ta balaga ba, ko da girmanta ya burge ka. Wadda ta kusa takan nuna ɗan inuwa-inuwa a wurin, amma bai fito ba. Kuma irin waɗannan gizo-gizon daga sun balaga sun daina saɓa ke nan har mutuwa.

Abin da nake so ku riƙe: ƙaramin da hannayensa sirara ne kuma cikinsa a shafe, ba a ce masa mace. Yaro ne, yana iya zama ko wanne.

Ɗan Bukuru:
Na ji Malam, Allah ya ƙara sani. Amma har yanzu ba a ba Baba suna ba. Thomisus rabin suna ne. Thomisus wanne? Tunda fari ne sol ba ɗigo, ai sai a nemo farin a cikin dangin.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Launi shi ne abu na ƙarshe da za ka jingina da shi a wannan dangin. Macen nan da kake gani fara, in ta koma kan fure mai ruwan ɗorawa ta zauna, tana iya rikiɗewa ta zama ruwan ɗorawa. Wasu har ruwan hoda suke yi. Ba nan take ba ne irin na hawainiya, kwanaki yake ɗauka. A Misumena vatia da aka fi nazari, daga fari zuwa ruwan ɗorawa yakan ɗauki kwana 10 zuwa 25, komawa fari kuwa kusan mako guda. Farin daga wani sinadari ne da ke ƙarƙashin fata mai suna guwanin, ruwan ɗorawan kuma wani rini ne da jikinta ke haɗawa ya rufe shi. Ka ga ke nan mace ɗaya tana iya ba ka hoto kala biyu a wata ɗaya, nau'i biyu daban kuma su ba ka hoto iri ɗaya.

Dangin Thomisus ya haura nau'i 100. Abin da ke raba su shi ne siffar efijin ta mace da siffar hannun balagaggen namiji, a ƙarƙashin maikuroskof, a gwada da zanen da masu bayyana nau'in suka yi. Hoton da aka ɗauka ta sama yana kai mu Thomisus, mace, tare da namiji balagagge. Wannan amsa ce cikakkiya a matsayin hoton.

Ɗan Bukuru:
Malam, da girmamawa, ni wannan ne ban yarda da shi ba. Masu kallon tsuntsaye a dajin Amurum da ke Laminga daga nesa suke faɗin sunan tsuntsu, wani lokaci da kuka kawai. Ba wanda ya ce su kama shi su juya cikinsa. In aka ce gizo-gizo sai da maikuroskof, an kori irinmu ke nan da waya kaɗai muke da ita. Mutum nawa ne a Jos ke da maikuroskof a gida? Ilimin sai ya zama na 'yan jami'a su kaɗai.

Ɗalibar Naraguta:
Yaya, ba korar kowa aka yi ba. Tsuntsu yana gane ɗan'uwansa da gashi da kuka, shi ya sa bambancinsu yake a fili inda ido da kunne za su kama. Gizo-gizon fure kuwa duk rayuwarsa ɓuya ce, nau'i daban-daban suna zaune a kan fure iri ɗaya suna farauta iri ɗaya, dole su yi kama. Bambancin sai ya taru a gaɓoɓin barbara. Haka Allah ya yi su, ba dokar 'yan jami'a ba ce.

Kuma da waya ana kaiwa nesa fiye da yadda kake zato. Gida, dangi, mace ko namiji, balagagge ko yaro, irin tsiron da yake kai, watan da aka gan shi, abin da ya kama, duk waya tana iya wannan. In ka ɗora a iNaturalist, shafin intanet da ake tara hotunan halittu da wurin da aka gan su, ka rubuta Thomisus ka tsaya nan, ka bar bayani mai amfani wanda wani masani zai iya ɗorawa a kai. In ka rubuta Misumena vatia a Jos, ka saka gizo-gizon Turai a taswirar Filato, wani ya zo ya kwafa, manhajar ma ta ƙara koyon abin da ba haka ba. Ni abin da ke damuna ke nan, don gizo-gizon ƙasar nan ba su samu masu nazari da yawa ba, ɗan bayanin da ake tarawa bai kamata a gurɓata shi ba.

Ɗan Bukuru:
Maganar taswira ta shige ni. Amma har yanzu ina ganin masana sun cika tsanani. A ce babu ko ɗaya da za a iya kira da cikakken suna daga hoto?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Akwai, a ƙasashen da aka gama tantance abin da suke da shi. Mutumin Ingila in ya ga farar mace mai mulmulallen ciki a kan fure zai ce Misumena vatia gabansa gaɗi, don jerin gizo-gizon ƙasarsa gajere ne kuma sananne. Mu namu jerin dogo ne kuma ana kan rubuta shi. Ka shiga World Spider Catalog, kundin sunayen gizo-gizon duniya a intanet, wanda gidan adana kayan tarihin halittu na Bern a Suwizalan ke kula da shi, ka ga yadda sunaye ke ƙaruwa. A 2022 aka cika nau'i 50,000 na gizo-gizo da aka bayyana, kuma ba a tsaya ba.

Hajiya Mai Fure Rayfield:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin maganar. Malam, ni ma ga nawa hoton. Wannan a bangon ɗakin ajiya nake ganinsa da daddare, a baje yake ƙwarai, kuma shi ma da gefe yake gudu, gudun da ido ba ya bi. Shi ma ɗan gidan ne? Masu aikina tsoronsa suke ji, wai tautau ne mai sa ƙuraje.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Hajiya, barka da yamma. Wannan ba ɗan gidan ba ne, Selenops ne, daga gidan Selenopidae. Ki lura ƙafafunsa takwas kusan tsawonsu ɗaya, ba a fifita na gaba ba. In kin samu ganin fuskarsa kusa, idanu shida ne a jere a layin gaba. Akwai kuma wani gidan da ke ruɗa mutane, Philodromidae, waɗanda a da ake haɗa su da Thomisidae. Su ƙafa ta biyu ce ta fi tsawo, ƙafafun sirara ne, kuma da gudu suke bin abinci. Na Alhaji kuwa in ka taɓa shi ma da ƙyar yake matsawa.

Batun ƙuraje, ku bar ɗora masa laifi. Ƙunar da ke fitowa a wuya ko fuska da damina kamar an ja layi, sau da yawa wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, Paederus, wanda ke zuwa wurin fitila, in aka murje shi a fata ruwansa ya ƙona. Na bangon nan sauro da 'yan kyankyasai yake rage muku. Wanda ƙurajensa suka yi zafi ko suka bazu, ya je asibiti a duba.

Alhaji Mai Zuma Shere:
Assalamu alaikum. Ni duk wannan bayanin na mace da namiji na ji, amma hoto na biyu ne ya tsaya mini a rai. Ƙudan zumana ne abincinsa. Ina da amya a gindin duwatsun Shere, kuma ƙarshen damina in furen nan mai ruwan ɗorawa ya cika bakin hanya nakan tsinci matattun ƙudan zuma a ƙarƙashinsa, jikinsu lafiya lau ba rauni, amma in ka ɗaga ba nauyi. Ashe wannan ne. Malam, ba sai a yi feshi ba?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Alhaji, don Allah kada ka yi. Furen da kake nufi Tithonia ne, asalinsa daga Meziko, kuma lallai Thomisus na son sa, haka ma furen Lantana. Abin da ka gani kuma daidai ne. Macen takan cafke ƙudan da ƙafafun gaba, ta cije shi a bayan kai, dafin ya kwantar da shi nan da nan. Ba ta tauna, sai ta zuba ruwan narkarwa ta tsotse cikin, ta yar da ɓawon yadda yake. Shi ya sa ka ji ba nauyi.

Amma ka auna. Amya ɗaya mai ƙarfi tana ɗauke da dubban ma'aikata, sarauniya kuma a lokacin yalwa tana iya yin ƙwai sama da 1,000 a yini. Gizo-gizon nan in ta kama ɗaya ta daɗe a kansa. Maganin da za ka fesa wa fure kuwa, ƙudan zuman ne za su fara kwasa, su kai cikin amya. Asarar feshi ɗaya ta fi abin da duk gizo-gizon gindin dutsen za su ci a shekara. Kuma ba ƙudan zuma kaɗai suke kamawa ba, har ƙudaje da 'yan tsutsotsi da sauran ƙwarin da ke damun mai lambu.

Ɗalibar Naraguta:
Baba Mai Zuma, akwai wani bincike da zai ba ka sha'awa. A 2003 mujallar Nature ta buga aikin da aka yi a Ostireliya kan Thomisus spectabilis. Mu muna ganin fara ce a kan farin fure, ta ɓace. Amma ƙudan zuma yana ganin wani haske da idonmu ba ya gani, kuma a wannan hasken jikinta ƙyalli yake yi. Sai aka tarar ƙudan zuma sun fi sauka a furen da take kai fiye da wanda babu ita. Wato abin da muke kira fari ma, a idonmu ne kawai. In ka sake ganin ta da ƙudan zuma a baki, ka duba da kyau, sau da yawa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙudaje da ke taruwa a kan gawar suna shan rabonsu.

Alhaji Mai Zuma Shere:
To na fasa feshin. Amma in na gan ta a furen da ke bakin amya zan ɗauke ta in kai ta gaba.

Mai Lambu Lamingo:
Malam, na koma lambu da safen nan. Ina so in ga tambarin nan da idona. Yaya zan juya ta ba tare da na ji mata ciwo ba? Kuma tana cizo?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Dafinta na ƙwari ne, ba abin tsoro ba ne ga mutum, kuma ba ta neman cizo. Amma kada ka kama ta da yatsa, cikin gizo-gizo taushi gare shi, yana fashewa. Ka samo farar leda mai tsabta wadda ake gani ta cikinta, ka tara a ƙarƙashin furen ka girgiza shi, za ta faɗo ciki. Sai ka kwantar da ledar a tafin hannu ka ja ta a hankali har ta ɗame, yadda ba za ta iya motsi ba amma ba a matse ta ba. Ka juya ledar. Ka sa gilashin ƙara girma, mai ninki 10 ya isa, ka ɗora kyamarar waya a bayansa. A inuwa mai haske za ka yi, kada rana ta dake ta cikin leda, kuma kada ka wuce 'yan mintoci. Hoto huɗu nake so: ta sama, ta fuska don idanu, ta ƙarƙashin ciki, da ɗaya da rula a gefe. In ka gama ka mayar da ita furen da ka ɗauke ta.

Mai Lambu Lamingo:
Ga su nan. Na ga tabo biyun masu haske, kuma tsakaninsu akwai ɗan abu ruwan ƙasa, ƙarami ƙwarai. Namijin kuwa babu shi yau.

Ɗalibar Naraguta:
Shi ne Baba, balagaggiya ce. Ka ga yadda cikin ya cika ya yi tsantsan, alama ce ta ƙwai. Nan gaba kaɗan ka riƙa duba ganyen da ke kusa. Za ta lanƙwasa ganye ta ɗinke shi da farin zare, ƙwan na ciki, ita kuma ta kwanta a kai tana gadi. Lokacin za ka ga ta rame, cikin ya yamutse, don kusan ba ta cin abinci. Mutane kan ɗauka wani gizo-gizon ne daban, alhali ita ce. In kana tsinkar kuɓewa ka bar mata wannan ganyen.

In ana son cikakken suna kuwa, sai an kai ta ɗakin bincike a cikin sinadarin etanol, a duba efijin ɗin, wani lokaci har a cire shi a ga cikinsa.

Hajiya Mai Fure Rayfield:
A'a 'yata, nan kam ban bi ki ba. A kashe uwa da cikin ƙwai don a san sunanta? Rai ne fa. Sunan da Bature ya raɗa mata me zai ƙara wa Alhaji a lambunsa? Ya san ba ta ɓarna, ya san mace ce, ya san tana rage masa ƙwari. Ni a wurina ya isa.

Ɗalibar Naraguta:
Mama, ban ce a kashe wannan ba, hanyar kawai na faɗa. Amma ina so ki duba ɗaya gefen. In ba a ajiye ko ɗaya ba, ba ranar da za a san abin da ke Filato. Wuraren da muke ganin ciyawa da fure yau, gobe gidaje ne ko ramin haƙar ma'adinai. Abin da ba shi da suna a rubuce, in ya ɓace ba wanda zai san ya taɓa zama a nan, balle a yi maganar kare shi.

Hajiya Mai Fure Rayfield:
Na fahimce ki. To masu binciken su yi, da dalili, da ƙa'ida. Abin da nake gudu shi ne kowa a zauren nan ya ɗauki kwalba ya shiga daji.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Hajiya ta yi gaskiya a nan, kuma ita ma ɗalibar haka aka koya mata. Ba a ɗaukar yaro, don ko an kai shi gaban maikuroskof ba abin da za a gani, an yi asarar rai a banza. Ba a ɗaukar mace mai gadin ƙwai. Ba a ɗauka sai akwai wanda zai duba da inda za a ajiye. Kuma wurin da ke da masu kula da shi irin Amurum, sai da izininsu. Wanda ya cika waɗannan, balagagge ɗaya ko biyu sun isa, a etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, da 'yar takarda a cikin kwalbar, ba a bayanta ba, an rubuta wuri da kwanan wata da tsiron da aka same shi. Da fensir ake rubutawa, tawadar biro narkewa take yi. Ta Alhaji kuwa a bar ta ta yi ƙwanta.

Ɗan Bukuru:
Malam, na gwada dabarar ledar. Na bi gefen wata gonar acca a hanyar Vom ina kaɗa ciyawa cikin faranti, ga abin da ya faɗo. Wannan ba fari ba ne, launin busasshiyar ciyawa ne, dogo, da layi-layi a baya, ƙafafun gaba dogaye ƙwarai. Hannayen bakinsa a kumbure suke. Na ce namiji ne, ɗan gidan Thomisidae. Ban tambayi manhaja ba.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Ka yi daidai a duka biyun, ɗana. Wannan siffar ta dangin Runcinia ce, mazauna ciyawa. Dubi goshinsa, akwai ɗan tudu a gicciye da ya ratsa tsakanin idanu. A ciyawar Filato za ka iya haɗuwa da wasu 'yan gidan: Monaeses mai dogon ciki da ya ƙare da tsini, Oxytate kore shar mai kwanciya a bayan ganye, Heriaeus mai gashi tsaye a duk jiki. A kan reshe kuma akwai Tmarus, wanda ke miƙe ƙafafunsa gaba ya manne da itace har ka ɗauka kumburin reshen ne. Synema kuwa jikinsa sheƙi yake yi, da zane baƙi a bayan ciki.

Yanzu sake duba hannayen naka. Sumul suke ko akwai ƙugiya?

Ɗan Bukuru:
Sumul suke Malam, kuma ba su yi duhu ba. Ke nan saura saɓa ɗaya. Zan iya riƙe shi har ya yi? Ina so in ga yadda hannun zai koma.

Ɗalibar Naraguta:
Za ka iya Yaya, mu ma haka muke yi. Ka samo ƙaramar roba mai murfi ka huda mata 'yan ƙofofi da allura. Ka sa busasshen karan ciyawa a tsaye, don yana bukatar abin da zai rataya a kai lokacin saɓa, in babu ƙafafunsa na iya fitowa a karkace. Ɗan auduga mai laima a gefe, ba jiƙaƙƙe sharkaf ba. Abinci kuma ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba, ɗaya ko biyu bayan kwana biyu zuwa uku. Shi kaɗai za ka ajiye, in ka haɗa biyu ɗaya zai cinye ɗaya. Kada ka bar robar a taga inda rana ke bugawa, kuma da sanyin Jos saɓar na iya jinkiri, sai ka yi haƙuri.

In ka ga ya ƙi abinci ya yi shiru, ya kusa. Ka cire duk ƙudan da ke ciki, kada ka girgiza robar. Bayan ya fito zai yi fari-fari da taushi, ka ba shi kwana biyu jikinsa ya yi ƙwari kafin ka sa shi a leda. Hannun hagu za ka ɗauka, ta ƙasa da ta gefe, don shi aka saba zanawa a littattafan tantancewa. Ka ajiye tsohuwar fatar ma a takarda, sannan shi ka mayar da shi gefen gonar da ka samo shi.